Jikama ta Meziko: yaya ake zaɓenta, yaya ake cinta, kuma da gaske tana da guba?

Uwargida:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman bayani daga waɗanda suka san wata saiwa da ake kira jikama, wadda ake jibgewa a shagunan 'yan Meziko a nan Amurka. Zagayayya ce, ɓawonta ruwan ƙasa, cikinta fari tas. Yaya ake gane mai kyau a kasuwa? Ɗanya ake cinta ko sai an dafa? Me ke sa cikinta ya yi duhu ya yi yaushi idan ta kwana biyu a firji? Sannan ana cewa tana da guba, alhali ga mutane suna ci har da yara, to ina gaskiyar take? In kuma mutum ya samu irinta, za ta yi a can gida ƙasarmu? Allah ya saka da alheri.

Mai Girki:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ɗanya ake cinta, nan ne daɗinta yake. Wanda ya ɗauke ta a matsayin doya ko dankali ya jefa a tukunya zai ce ba ta da amfani, domin ba ta nuna ta yi luguf, ba ta kuma dakuwa. Abin da 'yan Meziko ke so a jikinta shi ne garas-garas ɗinta, da ruwanta, da ɗan zaƙi-zaƙin da ba ya gundura. Ɗanɗanonta yana tsakanin gurji da tuffa.

Wajen zaɓe, ki ɗaga ta a hannu. Mai kyau tana da nauyi fiye da yadda ido ya zata, saboda kusan duk jikinta ruwa ne. Idan kika ji ta sakayau, ta bushe daga ciki. Ɓawon ya kasance busasshe, sumul, ba tsagewa, ba tabo mai danshi, ba fumfuna a wajen da aka yanke reshe. Ki ɗan karce ɓawon da farce: in ya ɗago cikin sauƙi, siriri, kika ga farin nama mai ruwa a ƙasa, sabuwa ce. Girma kuma kada ya ruɗe ki. Daga rabin kilo zuwa kilo ɗaya da rabi ita ce daidai. Manyan nan da suka haura kilo biyu yawanci sun tsufa a ƙasa, sun yi zare-zare, zaƙin ya ragu. A Meziko ana raba ta gida biyu: ta ruwa, wadda ruwanta garai yake kuma ta fi zagaye, da ta madara, wadda ruwanta ke da fari-fari kuma takan yi tsawo. Ta ruwa aka fi so a ci ɗanya, ita ce ma aka fi kawowa kasuwa.

Fira ita ce inda mutane da yawa ke ɓata ta. Ki wanke ta tukuna, don wasu shagunan suna shafa mata kakin da ke hana bushewa. Ki yanke kai da gindi ta zauna daram a kan katako, sannan ki bi jikinta da wuƙa mai kaifi daga sama zuwa ƙasa. A ƙarƙashin ɓawon akwai wani shimfiɗi mai zare, launinsa ya ɗan fi naman duhu. Shi ma sai ya fita, wato ki cire kaurin milimita 2 zuwa 3. Ɗan abin feraye dankali yakan ɗebe ɓawon sama ya bar wannan zaren, shi ya sa wasu ke cewa tana maƙale musu a haƙori. Idan sabuwa ce sosai, ki tsaga ɓawon da bakin wuƙa ki ja da hannu, zai biyo ki. Bayan fira ki sake ɗauraye ta. Ba ta baƙi bayan yanka yadda dankali ke yi, don haka ba sai kin jiƙa ta a ruwa ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta masu sayar da 'ya'yan itace a bakin titi. Ki yanka rabin kilo tsaye-tsaye, kaurin santimita 1. Ki matse lemun tsami 2, ki barbaɗa gishiri rubu'in cokalin shayi da garin barkono rabin cokalin shayi. Su suna amfani da ɗan ƙaramin barkonon da suke kira pikin, ko haɗaɗɗen garin Tajín mai gishiri da tsami a ciki. In Tajín kika sa, ki rage gishirin ko ki bar shi gaba ɗaya. Gishirin kuma sai za a ci ake sawa. In ya zauna a kanta minti ashirin ko talatin zai janye ruwanta ya taru a gindin kwano, ita kuma ta yi laushi. Suna kuma yanka ta faifai mai kauri su soke da tsinke, su shafa miyar tsami da zaƙi mai suna chamoy, su barbaɗa barkono. Wannan shi ne jikaleta, yara na sonsa ƙwarai.

A jihar Jalisco akwai haɗin da suke kira pico de gallo, wanda ya bambanta da na tumatir da albasa da aka fi sani a waje. Jikama rabin kilo a yanka ƙanana, a zuba mata ruwan lemun tsami babban cokali 3, a bar ta rabin awa ta sha. Sannan a ɓare lemun zaƙi 3, a cire farar fatar da 'ya'yan, a yanka, a ƙara kokwamba 1, a haɗa, a sa gishiri da barkono a ƙarshe. Dalilin jiƙa jikamar ita kaɗai da farko shi ne namanta a matse yake, ba ya shan tsami da wuri; in kika haɗa komai lokaci guda lemun zaƙin zai narke kafin ita ta ji komai. A jihar Yucatán kuma suna yin xec, da jikama da lemun zaƙi da tanjarin da ganyen koriyanda da barkono, musamman a farkon Nuwamba lokacin bikinsu na tunawa da mamata, wanda ya zo daidai da kakarta. A daren Kirsimeti ma tana shiga salak ɗinsu tare da bitirut da lemun zaƙi da soyayyiyar gyaɗa.

Malamin Gona:

Hajiya, maganar guba gaskiya ce, amma ba a inda kike ci take ba. Jikama dangin wake ce, sunanta na kimiyya Pachyrhizus erosus. Tana yaɗo ya kai mita 4 ko 5, tana fure shuɗi ko fari, tana yin kwanso mai 'ya'ya. 'Ya'yan nan, da kwanson da ya ƙosa, da ganye, da reshe, suna ɗauke da sinadarin rotenon, wanda aka daɗe ana kashe ƙwari da kifi da shi. Aikinsa shi ne hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar da aka shaƙa. Wanda ya ci 'ya'yan zai fara da amai da jiri, numfashi ya yi masa wuya, in abin ya yi yawa ya suma, kuma an samu wanda ya mutu ta wannan hanya a Tailan. Dafawa ba abin dogaro ba ce wajen kawar da shi. A wasu yankunan Asiya ana cin kwanson tun yana ɗan jariri bayan an dafa shi sosai, amma wannan sai wanda ya gaje shi. Kada kowa a nan ya gwada. Farin naman saiwar kaɗai ake ci, ɓawo a zubar. In yaro ya haɗiye 'ya'yan, asibiti kai tsaye, a tafi da samfurin abin da ya ci.

Batun shuka, za ta iya yi, domin ita ta ƙasa mai zafi ce. Asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya, kuma jiragen ruwan Sifaniyawa da ke zirga-zirga tsakanin Acapulco ta Meziko da Manila ta Filifin daga 1565 zuwa 1815 su suka kai ta Filifin, daga nan ta bazu zuwa Indonesiya da Biyetnam da kudancin Sin da gabashin Indiya. A Meziko jihar Nayarit ce kan gaba wajen nomanta, ana kuma yi a Guanajuato da Morelos da Veracruz. Sanyi mai ƙanƙara ne abokin gabanta, ba rana ba.

Da iri ake shuka ta, ba da yankan saiwa ba. A jiƙa irin a ruwa dare ɗaya don fatarsa tana da tauri, a zubar da ruwan inda dabba ba za ta sha ba, a wanke hannu. A yi kunya mai tsayi a ƙasa mai yashi-yashi wadda ruwa ba ya kwanciya. A ƙasar laka saiwar ba ta samun wurin buɗewa, sai ta fito a karkace ko ta ruɓe. Zurfin rami santimita 3 zuwa 5, tsakanin shuka da shuka santimita 20 zuwa 25. In aka ba ta fili da yawa za ta yi ƙatuwa mai zare, in aka matse ta sai ta fito ƙanana. Manoman Meziko da gangan suke matse wata don su samu 'yan ƙananan da ake zubawa a tukunyar piñata, wadda ake cikawa da kayan daɗi yara su fasa, a bukukuwan Disamba. Tana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Shuka ta kai tsaye ya fi dashe, saboda da zarar saiwar tsakiya ta karye ko ta lanƙwashe a wajen dashe, sai ta rabu biyu ko uku.

Ga abin da ya fi komai muhimmanci a nomanta: tsinke fure. Shukar tana da wuri biyu da za ta kai abincinta, ko 'ya'ya a sama ko saiwa a ƙasa. In aka bar furen ya zama kwanso, saiwar za ta tsaya ƙarama. Don haka da zarar tohon fure ya bayyana ake bi da almakashi ko hannu ana cirewa, kuma ba sau ɗaya ba, ana komawa sau biyu, sau uku, duk sanda sabo ya fito. Wannan aikin shi ke cin kuɗin ƙwadago a gonakin Meziko. Sai dai a ware 'yan shuke kaɗan a gefe a bar su su yi iri, a kuma killace su daga yara da awaki. Kada a zubar da kara da kwanso kusa da tafkin kifi.

Taki kuma a yi hattara da yuriya. Da yake dangin wake ce, tana haɗa kai da ƙwayoyin ƙasa ta samar wa kanta nitrojin. In aka cika mata yuriya sai ta yi ganye luf-luf, a tona a tarar ba komai. Ruɓaɓɓen takin gargajiya kafin shuka, da mai ɗauke da fosfat da fotash, sun fi mata. Ban ruwa ya zama a kan tsari: in ƙasa ta bushe ƙamas sannan aka malala ruwa lokaci guda, saiwar na kumbura da sauri ta tsage. Mako biyu ko uku kafin tono a tsayar da ruwa ɓawon ya yi ƙwari. Daga shuka zuwa tono wata 4 zuwa 6 ne a wuri mai zafi, ya fi haka inda ake sanyi. Tana kuma fara tara saiwa sosai idan yini ya fara gajarta, don haka wanda ya shuka a tsakiyar damina zai ga saiwar ta cika wajen kaka zuwa farkon hunturu. Inda damina gajera ce, dole a taimaka mata da ban ruwa a ƙarshe. Gonar da aka san tumatir ko kuɓewa na yin ƙulu-ƙulu a saiwa a guje ta, domin ƙananan tsutsotsin ƙasa da ke jawo hakan suna kama jikama su ɓata mata fata.

Mai Gwari:

Hajiya, amsar tambayarki ta firji ita ce sanyin ne ke kashe ta. Jikama ba ta jure abin da ya gaza digiri 10 a ma'aunin Salshiyos. Firjin gida yana wajen digiri 4 ko 5. Mako ɗaya zuwa biyu a wannan sanyin ya isa ya lalata ƙwayoyin namanta: cikin ya yi ruwan ƙasa, ya jiƙe, garas-garas ɗin ya tafi, ta koma kamar roba. Abin takaicin shi ne sau da yawa ba a gani daga waje, kuma ruɓar tana tashi ne da sauri bayan an fito da ita zuwa ɗumi. Shi ya sa za ki iya sayen wadda ta yi kyau a ido a babban kanti, kwana biyu ta lalace a hannunki. Tun a motar sanyi ko a ma'ajiyar kantin aka cuce ta. Idan kin ga an jera ta a wurin da ake fesa wa ganye ruwa mai sanyi, ki nemi wani shago. Shagunan da suka san ta suna ajiye ta a busasshen wuri tare da albasa da dankali.

Abin da take so shi ne digiri 12 zuwa 15, a bushe, da iska tana ratsawa. A haka za ta yi wata ɗaya zuwa biyu lafiya, har takan ƙara zaƙi don sitacin cikinta yana juyewa ya zama suga. A cikin gida, kwando a lungun da ya fi sanyi ya wadatar na mako biyu zuwa uku. Kada a ƙulle ta a leda, gumin da zai taru shi ke kawo fumfuna. Kada a wanke sai ranar da za a yanka. Inda zafi ya haura digiri 30 kuwa za ta riƙa yaushi tana toho, don haka a sayi abin da za a cinye cikin mako guda.

Da zarar an yanka, hukuncin ya juya: dole firji. A rufe fuskar da aka yanka da leda mai mannewa, ko a zuba yankakkun a roba mai murfi da ɗan ƙyalle mai danshi, a cinye cikin kwana 4 zuwa 5. In fuskar ta bushe ko ta yi rawaya, a yanke siririn faifai a zubar, sauran lafiya lau. In ta fara yauƙi ko tsami a hanci, ta tafi. Injin daskarewa kuma ba nata ba ne ko kaɗan, ƙanƙarar tana farfasa naman ya koma ruwa.

Uwargida:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Yaya Mai Girki, ke nan sam ba ta shiga wuta? Ana nuna ta a soye kamar dankalin Turawa, kuma ana cewa har tako, wato faifan da 'yan Meziko ke naɗe nama ko kifi a ciki, ake yi da ita. Sannan mai ciwon suga zai iya ci?

Mai Girki:

Tana shiga wuta Hajiya, sai dai ki san abin da za ki samu. Ko an dafa ta tana riƙe garas-garas ɗinta, shi ya sa mutanen Asiya ke sa ta a soyen kayan lambu da cikin naɗaɗɗen fulawarsu. In za ki yi haka, ki yanka sirara, ki zuba a ƙarshe, minti 3 zuwa 5 a wuta mai ƙarfi. Tana shan romon da ke kewaye da ita, don haka ta dace da tafarnuwa da citta da naman kaza.

Suyar dankali kuwa, kada ki sa ran waje ƙamas ciki laushi. Dankali sitaci ne ya cika shi, ita kuwa ruwa. In kika jefa ta a mai kai tsaye za ta yi ta tartsatsi, sugan jikinta ya ƙone ta yi duhu, ciki yana nan ɗanye. Abin da ke ɗan gyara ta: ki yanka tsaye-tsaye, ki tafasa minti 10 a ruwan gishiri, ki tsane, ki goge da ƙyalle ta bushe sarai, ki shafa mai babban cokali 1 ga rabin kilo da kayan ƙamshi, ki baza a faranti ba tare da sun hau juna ba, a gasa a digiri 200 zuwa 220 na Salshiyos na minti 30 zuwa 40, a juya a tsakiya. Za ta yi daɗi, amma ni a ganina asarar jikama mai kyau ce. Wadda ta fara tsufa ita ta cancanci wannan.

Takon jikama ya fi burge ni. A nan ne kaɗai babba ke da amfani, don ana son faɗin kamar santimita 10 zuwa 12. Bayan fira sai a yanka faifai sirara ƙwarai, milimita 1 zuwa 2, har haske yana ratsawa. Da wuƙa yana da wuya, injin yanka na hannu ya fi, kuma a yi amfani da abin kare yatsu don saiwar tana da santsi. In faifan ya yi kauri zai karye da an naɗe. In yana karyewa duk da sirantarsa, a jiƙa minti 10 a ruwan gishiri ko a ɗora daƙiƙa 20 a kasko mai zafi, zai yi laushin naɗewa. A tsane shi da kyau, in ba haka ba abin cikin zai zame. Ya fi dacewa da abu mara nauyi: jatan lande, gasasshen kifi, afokado, yankakken kabeji, da ɗan lemun tsami. Miya mai zafi da ruwa-ruwa ba ta zama a cikinsa.

Malamar Abinci:

Hajiya, game da ciwon suga. A giram 100 na ɗanyar jikama akwai kalori wajen 38, ruwa kusan kashi 90 cikin ɗari, kabohaidiret giram 9 wanda kusan giram 5 daga ciki faiba ne, da bitamin C miligiram 20. Furotin bai kai giram 1 ba, mai kuwa kusan babu. Wani ɓangare na zaƙinta daga inulin yake, wani nau'in faiba wanda ƙaramin hanji ba ya narkarwa, sai ya wuce babban hanji ƙwayoyin da ke can su ci. Saboda haka ba ta ɗaga suga da sauri yadda dafaffiyar doya ko farar shinkafa ke yi, kuma kofi ɗaya a matsayin abin taɓawa ya dace da yawancin masu ciwon. Amma abinci ce, ba magani ba. Kada a rage ƙwaya ko allura saboda ita. A kuma lura da abin da aka haɗa ta da shi. Chamoy na kwalba yakan zo da suga da gishiri da yawa, haɗin lemun zaƙi da tanjarin ma suga ne, Tajín kuma gishiri ne ga mai hawan jini.

Inulin ɗin nan shi ke sa wasu kumburin ciki da iska idan suka ci da yawa a karon farko. A fara da rabin kofi, a ƙara a hankali. Masu ciwon hanji da albasa da wake ke tayar musu su ma su fara da kaɗan. Yara ƙanana da haƙoransu ba su gama fitowa ba a goga musu ita a magogi, don gutsuren yana da tauri, yana iya shaƙe su. Kuma tunda a ƙasa ta girma kuma ɗanya za a ci, wankin kafin fira da tsabtar wuƙa da katako ba abin wasa ba ne. Wuƙar da ta ratsa ɓawo mai ƙasa ita ke kai datti cikin naman.

Malamin Gona:

Ƙarin bayani ɗaya ga mai niyyar sayen iri. Masu sayarwa a intanet sukan haɗa jikama da girigiri a ƙarƙashin suna kusan iri ɗaya, alhali shuka biyu ne daban. Girigiri, Sphenostylis stenocarpa, na Afirka ne, kuma 'ya'yansa ake dafawa a ci. Na jikama ba a ci. A duba sunan kimiyya a jikin takardar kafin a biya. 'Ya'yan jikama shafaffu ne masu kusurwa-kusurwa, na girigiri kuwa mulmulallu ne. A nemi irin da bai wuce shekara da girbi ba, don a zafi da laima ƙarfin tsirowarsa na raguwa da sauri. A gwada guda 10 a jiƙaƙƙen ƙyalle, in ƙasa da 7 suka tsiro cikin mako biyu a ƙara yawan iri a kowane rami. Ragowar a zuba a kwalba mai murfi, a rubuta "guba" a jiki, a ajiye nesa da inda ake ajiye waken girki.